Kuɗin ciyaman da asusun ƙungiyar 'yan jarida: a karɓa ko a bari?

Tambayar ta fito ne daga sakataren wata ƙungiyar masu aiko da rahotanni a ƙasar Haɗejiya. Ga abin da ya rubuto: "Mu 36 ne, wasu wakilan gidajen rediyo, wasu masu shafukan labarai a Facebook, muna warwatse daga Auyo da Kafin Hausa har Guri da Birniwa. Kowa na biyan naira dubu ɗaya a wata, kuɗin kuma suna zama a asusun ma'ajinmu na kansa. Bara mun ƙaddamar da kalanda, aka sanar da gudummawar sama da naira miliyan ɗaya, amma ma'aji ya ce dubu 180 kaɗai suka shigo hannunsa, har yau ana gunaguni. Yanzu kuma wani ciyaman ya yi mana alkawarin naira dubu 500 da babur. Mu karɓa? Ina ya kamata ƙungiya irin tamu ta riƙa samun kuɗi, kuma yaya za mu tsara lissafinmu?"

Malam Sakatare, Allah Ya saka da alheri da ka kawo wannan magana tun kafin ta raba ku. Bari mu fara da ma'aji, domin mutuncin mutum ne a kan faifai.

Mai yiwuwa ne ƙwarai bai ci ko kwabo ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin ƙaddamarwa ya san yadda abin yake. Sanƙira na riƙe da lasifika, wakilin wani babba ya miƙe ya ce mai gidansa ya sayi kalanda ɗaya a kan naira dubu 300, a yi tafi, a buga ganga, ya koma ya zauna bai miƙa komai ba. Wani ya ba da ambulan a rufe ya ce dubu ɗari ce, a buɗe da daddare a tarar da dubu ashirin. Wani ya ce a same shi a ofis ranar Litinin, Litinin ɗin kuma ba ta zuwa. Abin da mutane suka ji da kunnensu alkawari ne, abin da ma'aji ya ƙirga da hannunsa kuɗi ne, kuma ba ku da takardar da ta raba su. Gyaran abin da ya wuce shi ne ku zaɓi mutum uku waɗanda ba sa cikin shugabanni, su nemo bidiyo ko muryar da aka naɗa a ranar, su rubuta kowane alkawari da sunan mai shi, su ɗora a kan takardar bayanin asusun ma'aji ta wannan watan da watanni biyu da suka biyo baya. Layi uku kawai: wanda ya yi alkawari, abin da ya faɗa, abin da ya shigo. Su karanta a gaban taro. Nan gaba kuma, ranar ƙaddamarwa a zaunar da mutum biyu a tebur ɗaya, a buɗe kowace ambulan a gabansu, a yanka rasit nan take, alkawari kuma a shigar da shi wani littafi dabam, kada a kira shi kuɗin shiga sai ya shiga.

Babban kuskuren da kuka yi, ku duka ba shi kaɗai ba, shi ne barin kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya. Kuɗin cefanensa da na takinsa da naku sun cakuɗe, ko shi kansa ba zai iya rantsewa a kan wanne ne wanne ba. Idan Allah Ya yi masa rasuwa, kuɗin sun shiga cikin gado, sai kun kawo shaidu kafin magada su sake su. Ba wata gidauniya kuma da za ta tura tallafin ƙungiya asusun mutum.

Asusu da sunan ƙungiya yana buƙatar rajista. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ƙungiyar da ba ta neman riba tana rajista ne a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu. Za ku kai kundin tsarin mulkinku, da bayanin taron da aka zaɓi amintattun, da takardun shaidarsu, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu na kullum, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ku kula da sunan da za ku zaɓa. Ƙungiyar ƙwadago ta 'yan jarida ita ce NUJ, wadda aka kafa a Legas a 1955, rajistar ƙungiyoyin ƙwadago kuma ba ta CAC ba ce, ta ma'aikatar ƙwadago ce. Don haka ku tsaya a matsayin ƙungiyar horarwa da taimakon juna, waɗanda ke cikinku ma'aikatan gidajen rediyo su ci gaba da zama 'yan NUJ a rassansu. Bayan rajista sai lambar haraji ta TIN, kuma bankuna da dama kan nemi takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. Kowace shekara kuma akwai rahoton da ake kai wa CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Wanda ya yi sakaci tara na taruwa masa, shafin hukumar kuma ya nuna ƙungiyarsa ba ta aiki, wannan shafin ne kuwa masu ba da tallafi ke fara dubawa.

Akwai wani sharaɗi na rajistar da ƙananan ƙungiyoyi ke yawan takewa ba da sani ba: kuɗin ƙungiya na manufofin ƙungiya ne, ba a raba su ga mambobi. Wato al'adar nan ta a tashi daga taro a kasafta abin da aka samu, ko a yi rabon goron sallah daga asusu, ta saɓa wa takardar da kuka sa wa hannu. Idan kuna son taimaka wa wanda ya yi haɗari a hanyar ɗauko rahoto ko aka kwantar da shi a asibiti, ku rubuta asusun jinƙai a cikin tsarin mulkin, da iyakar abin da ake bayarwa da wanda ke amincewa.

Tsarin cikin gida ba shi da wuya, naci yake so. Hannun da ke rubutawa kada ya zama shi ne ke riƙewa. Sakataren kuɗi ya yanka rasit ya shigar a littafi, ma'aji ya kai banki ya kawo shaida, shugaba ya amince da kashewa a rubuce. Masu sa hannu a banki su zama uku, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa, kuma kada a taɓa sa hannu a cekin da ba a cike ba don wai shugaba zai yi tafiya. Daga nan ɓarna ke shigowa, ko da kowa mutumin kirki ne. Kada ku karɓi katin cirar kuɗi a kan wannan asusu. Saƙon banki na shiga da fita ya riƙa zuwa wayar mai binciken kuɗi, wanda ba ya cikin masu sa hannu. Rasit ya zama bugagge mai lamba a jere, mai kwafi, wanda ya lalace a ja masa layi a bar shi a jikin littafin, kada a yage.

Tunda kuna warwatse, kuma ba kowane gari ke da banki ba, kada wanda ke Guri ya ba direba kuɗinsa ya kawo Haɗejiya. Ya je wurin mai POS ya tura kai tsaye asusun ƙungiya, ya ɗauki hoton 'yar takardar nan take ya aika wa sakataren kuɗi. Nan take muka ce, domin rubutun takardar POS gogewa yake yi. Bayan 'yan watanni a aljihu ko a zafin rana sai ka ga farar takarda. Sunan mai POS ne kuma zai fito a bayanin banki, ba sunan mamba ba, don haka idan babu hoton ba za a san na wane ne ba. Don ƙananan hidindimu ku ware wa ma'aji kamar naira dubu ashirin a hannu, ba a ƙara masa sai ya kawo lissafin na farko. Ɗan acaba da mai shayi ba sa ba da rasit, saboda haka ku buga baucar ƙungiya, a rubuta abin da aka biya, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala. Ƙarshen kowane wata a ɗora littafi a kan bayanin banki. Bambancin da aka fi samu ƙanana ne, kuɗin saƙon waya da naira hamsin ɗin da ake cirewa a kan turin dubu goma zuwa sama, amma idan aka bar su suka taru shekara guda, su ne ke zama dubunnan da ake nuna wa juna yatsa a kai. Ku ajiye littattafai da rasit aƙalla shekara shida.

Duk wata uku a fitar da shafi ɗaya: abin da aka tarar a asusu, abin da ya shigo da sunan kowace kafa, abin da aka kashe, abin da ya rage, bashin da ake bin ku da wanda kuke bi. Kyautar kaya ma ta shiga, ko kujeru ne, ko buhun shinkafa, ko ɗakin taro da aka ba ku kyauta. A karanta a taro, a tura zauren WhatsApp, a manna a bangon ofis. Sau ɗaya a shekara akanta na waje, mai rajista da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN, ya duba ya sa hannu. Mun fi son ku wuce haka ku wallafa sunayen duk wanda ya ba ku sama da wani adadi, a ce dubu hamsin, a shafinku inda kowa zai gani. A Amurka ƙungiyoyin da ba sa neman riba suna cike wata takardar haraji mai lamba 990, kowa kuma na iya karanta ta. Ku da kuke rubuta wa hukumomi wasiƙa a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuna ba su kwana bakwai su amsa, bai kamata mamba ya nemi ganin littafinku a ce masa sai shugaba ya dawo ba. Ku rubuta wa kanku kwana bakwai ɗin nan a tsarin mulki.

Sai maganar inda kuɗin za su fito. Ku yi lissafi da abin da ke shigowa, ba da abin da ya kamata ya shigo ba. Mutum 36 a dubu ɗaya ya kama dubu 432 a shekara a kan takarda. Idan 25 ne ke biya ba fashi, dubu 300 ke nan, kuma a kan wannan za ku ɗinka rigarku: hayar ɗan shago idan har ya zama dole, ladan akanta, rahoton CAC, data, ruwan taro, asusun jinƙai. Ƙa'idar da muke ba kowace ƙungiya ita ce, abin da ƙungiya ba za ta rayu ba sai da shi, kuɗin mambobi ne zai ɗauke shi. Duk ranar da hayar ofishinku ta rataya a aljihun wani, makullin ofishin ma yana aljihunsa. Da yawanku manoma ne ko malaman makaranta, kuɗi ba kullum suke hannu ba. Ku ba da dama mutum ya biya na shekara gaba ɗaya da kaka, in ya sayar da riɗi ko zoɓo, ko bayan girbin shinkafar rani, a yi masa rangwamen wata ɗaya. Wanda ya yi wata shida bai biya ba ya rasa ƙuri'a har sai ya biya. Kada ku kore shi.

Kafa ta biyu ita ce guminku. Kuna da sana'a a hannu: fassara zuwa Hausa, naɗar sanarwar rigakafi ko ta gargaɗin ambaliya, ɗaukar bidiyon taro, koyar da matasa ɗaukar rahoto da waya a kan ɗan kuɗi kaɗan. A yi yarjejeniya a rubuce, kuɗin su shiga asusu, wanda ya yi aikin a biya shi ladansa da bauca, ƙungiya ta riƙe kasonta, a ce kashi ashirin cikin ɗari. Sharaɗi biyu: abin da aka biya kuɗi aka yi a kira shi talla ko sanarwa, kada a sa masa rigar labari, kuma ku tambayi akanta, domin sassaucin haraji da ƙungiyoyi ke samu bai rufe ribar kasuwanci ba. Abin da za mu hana ku shi ne bikin karramawa, inda ake buga allon yabo a kai wa mai kuɗi a ce shi ne gwarzon shekara, bayan an riga an yi cinikin abin da zai bayar. Yana kawo kuɗi da sauri, amma mai sauraro a Kirikasamma ya san borehol ɗin garinsu ba ya aiki, ya kuma ji ku kuna karrama wanda ya ƙi gyarawa.

Kafa ta uku ita ce tallafin cibiyoyi. Akwai waɗanda ke horar da 'yan jarida suna kuma ba da ƙananan tallafin bincike, irin su cibiyar Wole Soyinka da ke Legas, da ICIR da CJID a Abuja, da CITAD a Kano. Sau da yawa ɗan jarida ɗaya ake ba don labari ɗaya, don haka aikin ƙungiya shi ne ta taimaka wa mambobinta rubuta buƙata mai kyau. Kuna zaune a kan labaran da na birni ba sa iya kaiwa gare su: ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, rabon kayan tallafi bayan ambaliya irin ta 2022, rikicin burtali tsakanin manoma da makiyaya. Idan ƙungiyar ce aka ba, kuɗin na aikin da aka rubuta ne kaɗai. Wuraren da ake faɗuwa sanannu ne: a ranci kuɗin horo a biya haya da niyyar mayarwa, a cike takardar halarta da sunayen waɗanda ba su zo ba don kuɗin mota ya yi saura, a ba mutum kuɗin tafiya ya yi wata biyu bai kawo lissafi ba. Ku sa kwana goma sha huɗu a matsayin iyaka, wanda bai kawo ba ba a sake ba shi. Kada kuma ku ɗauki ma'aikaci ko ku kama babban ofis a kan tallafin shekara ɗaya. Rufe hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, a 2025 ya tsayar da ayyuka da yawa a ƙasar nan cikin 'yan makonni.

Yanzu ga ciyaman. Shawararmu ita ce kada ku karɓa, ko kuɗin ko babur ɗin.

Ba muna cewa mugun nufi gare shi ba, zato zunubi ne. Amma ku duba inda kuke. Ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da kuka fi kowa kusa da ita, ita ce kuke ba da labarin asibitinta da makarantunta da rabon takinta. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, tambayar ina kuɗin suka tafi ta ƙara nauyi, kuma ku ne kaɗai masu yin ta a yankunanku. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba sai ya kira ku ya ce kada a sa labari ba. Ranar da mamba ya kawo rahoton ajin da rufinsa ya yaye, wani a cikinku ne zai ce a bari tukuna, mutumin nan ya yi mana halacci. Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana ɗan jarida nema ko karɓar toshiya don ya buga labari ko ya danne shi. Abin da aka hana mutum ɗaya bai zama halal don an tara mutum 36 an ba su tare ba. Kun kuma san hadisin nan da ke cikin Buhari da Muslim, na ma'aikacin zakka da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Ku yi wa kanku wannan tambaya: da ƙungiyar masu saƙar tabarma ce, za a ba ta dubu 500 da babur? Akwai manyan ƙungiyoyi, irin su kwamitin kare 'yan jarida na CPJ da ke New York, da suka ɗaure wa kansu ƙin karɓar kuɗin kowace gwamnati saboda wannan dalili.

Babur ɗin ma ya fi kuɗin haɗari. Kuɗi ƙarewa suke yi, shi kuwa kullum yana kan hanya, kowa ya san wanda ya saya, wani lokaci har da hotonsa a jikin tanki. Ku shiga ƙauyen 'yan adawa a kansa ku ga ko za a buɗe muku baki. A cikin gida kuma sai rigimar wa zai kwana da shi, wa zai zuba mai, wa zai biya bakanike, da sunan wa aka yi takardunsa.

Idan babban taronku ya rinjaya a kan karɓa, to a ƙalla a cika waɗannan. Ya zama kuɗin majalisar ƙaramar hukuma ne da wasiƙa mai hatimi, ba na aljihunsa ba. Ya shigo ta banki, ba a leda da daddare ba. A rubuta aikin da za a yi da shi, kamar horon kwana biyu, da jimla ɗaya da ke cewa ba shi da alaƙa da abin da mambobi za su ruwaito. Kada ya zo a lokacin yaƙin neman zaɓe, ko lokacin da wani mamba ke tsakiyar bincike a kan hukumar. Kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigarku na shekara, wanda a lissafinku dubu 500 ta ninka wannan iyaka sau da yawa. A kuma sanar da shi a fili a makon da ya shigo. Idan mai bayarwa ya ce kada a faɗi sunansa, ya riga ya ba ku amsa. Haka kuma duk shugaban ƙungiya da aka naɗa mai taimaka wa wani ɗan siyasa kan yaɗa labarai, ya sauka daga kujerarsa ranar da ya karɓi takarda, ya ci gaba da zama mamba idan yana so.

Mun san abin da ke damunka, Malam Sakatare: a ƙasarmu mayar da kyautar babba ba ƙaramin abu ba ne, kuma gobe wurinsa za ku koma neman hira. Hanyar ita ce ku fara gyara tsarin mulkinku a taro mai zuwa, ku sa sashen da ya hana karɓar kuɗi ko kaya daga mai riƙe da muƙamin siyasa ko ɗan takara, na kowace jam'iyya. Sannan mutum uku, ciki har da dattijon da ya fi kowa shekaru a cikinku, su kai masa wasiƙar godiya hannu da hannu, su ce ranka ya daɗe, mun gode da wannan karamci, amma dokarmu ta ɗaure mana hannu, kuma ko abokin hamayyarka ne ya kawo amsar da zai samu ke nan. A cikin wasiƙar ku roƙe shi abin da ya fi muku amfani kuma ba ya ɗaure kowa: ya ba ku kwafin kasafin kuɗin ƙaramar hukumar na bana da jerin ayyukan da aka bayar da kwangilarsu, ya umarci shugabannin sassa su riƙa amsa tambayoyinku, ya kuma ware rana ɗaya duk wata uku ya zauna da ku a buɗe, da na'urar naɗar murya a kan tebur. Idan yana da sanarwar da yake son jama'a su ji, ya kai sashen talla na gidan rediyo ya biya a ba shi rasit. Kwafin wasiƙar, mai ɗauke da hatimin karɓa na ofishinsa da kwanan wata, a saka shi a fayil ɗin sakatare, a kuma karanta shi a taron da zai biyo baya.